Zama mamba a Majalisar Lutheran ta Ƙasa da Ƙasa

Majalisar Lutheran ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ILC, ƙungiya ce da ke haɗa ikilisiyoyin Lutheran masu riƙo da koyarwar da aka tattara a cikin Littafin Konkod na shekarar 1580. Cikakkun mambobinta ikilisiyoyi ne masu cin gashin kansu, kowacce da shugabanninta da tsarin mulkinta. Abin da ake dubawa kafin a karɓi ikilisiya shi ne abin da take koyarwa da kuma yadda take aiki da shi. Yawan mabiya ko daɗewar ikilisiya ba su ne ma'auni ba.

Asali

Majalisar ta samo asali ne daga wani taron shugabannin ikilisiyoyi da aka yi a garin Uelzen na ƙasar Jamus a shekarar 1952. An sake haɗuwa a Oakland ta Amurka a 1959, sannan a Cambridge ta Ingila a 1963. A shekarar 1993 ne aka amince da tsarin mulki a garin Antigua na ƙasar Guatemala, aka kuma ba ƙungiyar sunan da take amfani da shi a yau. Daga cikin sanannun mambobinta akwai ikilisiyar Missouri Synod ta Amurka, wadda aka kafa a 1847, da ikilisiyar SELK ta Jamus.

Sharaɗin koyarwa

Dole ne ikilisiyar da ke neman cikakken matsayi ta amince da abubuwa biyu. Na farko, cewa Littafi Mai Tsarki hurarriyar maganar Allah ce wadda babu kuskure a cikinta. Na biyu, cewa rubuce-rubucen da ke cikin Littafin Konkod bayani ne na gaskiya a kan wannan maganar. Littafin ya ƙunshi Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530, da Ƙaramin Katekisim da Babban Katekisim waɗanda Martin Luther ya rubuta a 1529, da wasu takardu.

Malaman tauhidin Lutheran suna bambanta hanyoyi biyu na amincewa da littafin, da kalmomin Latin guda biyu. "Quia" na nufin an karɓi littafin domin ya dace da Littafi Mai Tsarki. "Quatenus" kuwa na nufin an karɓe shi iya gwargwadon inda ya dace. Ikilisiyoyin ILC suna bin hanya ta farko.

Matakan shiga

Yawanci maganar tana farawa ne daga cikin gida, inda babban taron ikilisiyar ke yanke shawarar neman shiga, sai shugabanninta su miƙa buƙatar a rubuce. Kwamitin gudanarwa na majalisar, wanda ke da wakilai daga yankuna biyar (Afirka, Asiya, Turai, Latin Amurka da Arewacin Amurka), shi ke nazarin buƙatar. Kwamitin yana iya ba ikilisiya matsayin ƴar kallo, wato ta riƙa halartar taruka ba tare da kaɗa ƙuri'a ba. Cikakken matsayi kuwa sai an kaɗa ƙuri'a a kansa a babban taron duniya, wanda aka saba yi duk bayan shekara uku.

Ikilisiyar Lutheran ta ƙasar Latbiya ta bi waɗannan matakai. Babban taronta ya amince da neman shiga a 2021, aka karɓe ta a matsayin ƴar kallo a farkon 2022, sannan ta zama cikakkiyar mamba a taron duniya da aka yi a Kisumu ta ƙasar Kenya a watan Satumba na wannan shekara. Kafin nan, a taron Antwerp ta Beljiyam a 2018, an karɓi sababbin mambobi 17 a lokaci guda, ciki har da Ikilisiyar Lutheran ta Madagaska mai miliyoyin mabiya.

Iyakar abin da shiga ke nufi

ILC ba ikilisiya ba ce, kuma ba ta mulkin mambobinta. Shiga cikinta ba ya nufin an ƙulla abin da ake kira zumuntar bagade da mumbari, wato cin Jibin Ubangiji tare da musayar masu wa'azi. Wannan zumunta ikilisiyoyi biyu ne ke ƙulla ta a tsakaninsu bayan tattaunawa kan koyarwa. Abin da mamba ke samu a majalisar shi ne yin nazarin tauhidi tare, da haɗin kai tsakanin makarantun horar da fastoci, da ƙarfafa juna a aikin bishara.

Matsayin kuma yana iya suɓucewa. Ikilisiyoyin ILC maza kaɗai suke naɗawa fasto, kuma a kan wannan batu ne aka cire ikilisiyoyin Ostareliya da Japan daga majalisar.

Bambanci da sauran ƙungiyoyi

Tarayyar Lutheran ta Duniya, LWF, wadda aka kafa a Lund ta Suwidin a 1947, ta fi ILC yawan mabiya nesa ba kusa ba. Tun daga 1984 ana ɗaukar dukkan mambobinta a matsayin masu zumuntar bagade da mumbari. Akwai kuma CELC, wadda aka kafa a Oberwesel ta Jamus a 1993, wadda ke buƙatar cikakkiyar yarjejeniya kan koyarwa kafin shiga.

Wasu ikilisiyoyi suna cikin ILC da LWF a lokaci guda. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ikilisiyar Lutheran ta Najeriya, wadda aka kafa a 1936 a yankin Ibesikpo na jihar Akwa Ibom ta yanzu. Ita kuwa LCCN mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa mamba ce a LWF, kuma babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar daga 2017 zuwa 2023.