Balaraba Ramat Yakubu

Balaraba Ramat Yakubu marubuciya ce 'yar Kano, mai shirya fim, kuma tana cikin matan da suka fara fitar da ƙagaggun labarai da Hausa a shekarun 1980. An haife ta a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ran 13 ga Fabrairu 1976. Da wannan dangantaka aka saba gabatar da ita, alhali ba ita ta sa mata alƙalami a hannu ba.

Tana firamare aka cire ta aka yi mata aure da mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Masu rubutu a kanta sun saɓa kan shekarunta a lokacin, wasu su ce 12, wasu 13. Sha ukun ta fi yawa. Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu. Da ta dawo gida sai ta roƙa a bar ta ta shiga ajin koyon ɗinki da saƙa, a can kuwa ana koya wa manyan mata karatu da rubutu. Ta wannan ƙofa ta sami bokonta, shi ya sa da Hausa take rubutu.

Kafin ita, Hafsatu Abdulwahid ta riga ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Littafin Balaraba na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, yana caccakar mazan da suka mai da auri-saki sana'a. A 1990 ta fitar da biyu da har yau su ne ginshiƙin sunanta. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar da mahaifinta ya hana ta makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta saboda rashin ilimi, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar ya san inda ta samo Abu.

Na biyun, Alhaki Kwikwiyo Ne (a wasu bugu an rubuta Kuykuyo), shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma cefanen gidansa sai an yi da gaske. Ya auro Delu, tsohuwar mace mai zaman kanta, rikicin kishi ya tashi, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Daga nan littafin ya koma lissafin abin da ake ci da wanda ake biya: kuɗin haya, kuɗin makaranta, tukunyar abincin sayarwa da Rabi ke ɗorawa kullum don ta riƙe yaran, har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta ba da son ranta ba. Masu karatu sun daɗe suna gardama kan wannan ƙarshe. Wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya. Ba ta ja ba. Ta rubuta abin da ke faruwa ne a gidajen Kano, kuma Rabin da ta koma ita ce yanzu mai ciyar da gidan.

Saboda haka sunan "littattafan soyayya" da aka laƙaba wa rubutun zamanin bai zauna mata daidai ba. Ita abin da ke biyo bayan ɗaurin aure take rubutawa: kishiya, saki, ciyarwa, auren dole. Hujjarta kuma daga cikin addini take ɗauko ta, wato haƙƙin da Musulunci ya ɗora wa miji da uba, wanda al'ada ta danne.

A waɗannan shekaru tana cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. A lokacin marubuci shi ke biyan kuɗin ɗab'i, a raba labari kashi-kashi a ƙananan littattafai masu araha, 'yan kasuwa su kwasa zuwa Zariya, Sakkwato da Katsina, har a tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi. Masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira harkar Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za ta ɗore ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare ta a jaridu. Littafin Balaraba da ya fi tayar da ƙura shi ne Wane Kare Ne Ba Bare Ba? na 1995, wanda ya taɓo lalata da ƙananan yara. An zarge ta da batsa da ɓata tarbiyya, masu zargin suka fi jin zafin faɗar abin fiye da aikata shi.

A 1998 Abdulkareem Muhammad ya mai da Alhaki Kwikwiyo fim. A 2007 gwamnatin Kano ta Ibrahim Shekarau, ta hannun hukumar A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Abubakar Rabo kuma daga baya ta nemi marubuta su yi rajista. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga Alhaki da Turanci, fassarar Aliyu Kamal. Balaraba ta jagoranci ƙungiyar mata marubuta ta Kallabi, ta yi aiki da Gidauniyar Murtala Muhammed, ta kuma rubuta tare da shirya fim ɗin Juyin Sarauta.