Daga Fitilar Kananzir Zuwa Kumbon Voyager: Tarihin Lantarkin da Ake Samu daga Zafi

A watan Fabrairun 2025 ƙasar Sin ta tsaurara dokar fitar da wasu ma'adinai, ciki har da bismut da teluriyom. Da yawanmu ko a jikinmu, don ba mu san amfaninsu ba. To, ga labarin.

A 1821 wani masani a Jamus, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta ya yi da'ira, ya ɗumama mahaɗa ɗaya. Sai allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi ya ɗauka maganaɗisu ya gano, ashe lantarki ne: bambancin zafi da sanyi kaɗai ya haifar da shi. A 1834 Jean Peltier a Faransa ya ga akasin haka, wato idan ka tura lantarki ta mahaɗar, ɓangare ɗaya sai ya yi sanyi.

Daga nan abin ya kwanta fiye da shekara 100. Matsalar ita ce ana buƙatar abin da zai bar lantarki ya wuce amma ya tare zafi, ƙarfe kuwa duka biyun yake barin su wuce. Abram Ioffe na Tarayyar Sobiyet ne ya nuna cewa mafita tana cikin sinadaran da ke tsakanin ƙarfe da abin da ba ya ɗaukar wuta. A shekarun 1950 har fitilar kananzir suka ƙera wadda zafinta ke kunna rediyo a ƙauyukan da babu wuta. A 1954 Julian Goldsmid a Ingila ya nuna ƙwazon haɗin bismut da teluriyom, wanda har yau shi ake sawa a ƙananan na'urorin sanyaya kaya. Kumbunan Voyager biyu da Amurka ta harba a 1977 ma da wannan dabara suke samun wuta, daga zafin fulutoniyom.

Duk da haka ribar kaɗan ce. Ma'aunin ingancin, da ake kira ZT, ya maƙale a wajen 1 shekaru da dama. A 1993 Mildred Dresselhaus da ɗalibinta Hicks a MIT suka ce a koma ga ƙirar cikin sinadarin, a matakin nanomita, ɗaya bisa biliyan na mita. A 2008 masu bincike a Boston suka niƙa sinadarin ya zama gari, suka matse shi da zafi, suka kai 1.4. A 2012 ƙungiyar Kanatzidis a Jami'ar Northwestern ta kai 2.2.

Daga wannan tunani aka samo barbaɗa ƙwayoyin gaurayen ƙarfe 'yan mitsi-mitsi a ciki. Zafi yana tafiya ne a matsayin girgiza, ƙwayoyin sai su tarwatsa ta, lantarki kuwa ya samu hanya. Amma in an cika su, lantarkin ma sai ya tsaya. Abin kamar gishiri ne a miya.

Ina ruwanmu? Janaretan da ke ƙara a bayan gidanka, fiye da rabin ƙarfin man da ya sha yana tafiya ne a zafi, ta salansa da jikin inji. Kuɗinka ne ke bin iska. Wanda ya iya kamo wani kaso na zafin nan da araha ya samu dukiya, teluriyom kuwa ƙarancinsa a ƙasa ya kusa na filatinam. Shi ya sa mai riƙe da shi yake da bakin magana.

Allah Ya ba yaranmu masu karatun kimiyya haƙurin irin wannan aiki.