Yariman Bakura: Yadda neman takarar shugaban ƙasa ya ƙare da ƙuri'a huɗu

A ranar 8 ga watan Yunin 2022, da aka kammala ƙirga ƙuri'un zaɓen fitar da gwani na jam'iyyar APC a dandalin Eagle Square da ke Abuja, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tashi da ƙuri'a huɗu kacal. Bola Ahmed Tinubu, wanda ya lashe tikitin, ya samu 1,271.

Sakamakon ya ja hankali saboda akwai lokacin da babu ɗan siyasar arewacin Najeriya da ake ambaton sunansa a ciki da wajen ƙasar kamar Yarima. Wannan kuma shi ne karo na biyu da ya nemi takarar shugaban ƙasa bai samu ba.

Waye Yariman Bakura?

An haifi Ahmad Sani a shekarar 1960, ya kuma karanci ilimin tattalin arziƙi a jami'a. Ya zama zaɓaɓɓen gwamnan jihar Zamfara na farko a 1999 ƙarƙashin jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP.

A watan Oktoban 1999 ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau gaban dubban jama'a, dokar kuma ta fara aiki a watan Janairun 2000. Jihohin arewa goma sha ɗaya suka bi sahu. Magoya bayansa sun ɗauke shi gwarzon addini, yayin da ƙungiyoyin Kiristoci da na kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta sukarsa, musamman bayan yanke hannun Buba Bello Jangebe a watan Maris na 2000 bisa laifin satar saniya.

Yunƙurin farko

Da wa'adinsa na biyu ya kusa ƙarewa, Yarima ya nemi ANPP ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2007. Sai dai a babban taron jam'iyyar da aka yi a Abuja a watan Disamban 2006, shi da sauran masu neman tikitin sun janye wa Janar Muhammadu Buhari.

Daga nan ya nufi majalisar dattawa, inda ya wakilci Zamfara ta Yamma daga 2007 zuwa 2019. A majalisar ma bai rabu da ce-ce-ku-ce ba. A 2010 an zarge shi da auren yarinya 'yar ƙasar Masar mai shekara 13. Ya musanta cewa shekarunta ke nan, ya kuma ce bai saɓa wa shari'ar Musulunci ba. A 2013 ya tsaya kai da fata kan kada a cire sashe na 29(4)(b) na tsarin mulki, wanda ke ɗaukar matar aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma wajen ajiye shaidar zama 'yar ƙasa. Sashen ya tsira, amma muhawarar ta ƙara nisanta shi da masu zaɓe da dama a kudancin ƙasar.

Yunƙuri na biyu

A watan Mayun 2022, bayan ganawa da Shugaba Buhari a fadar Aso Rock, Yarima ya shaida wa manema labarai cewa zai nemi tikitin APC, yana mai alƙawarin yaƙi da rashin tsaro da talauci da jahilci. Kuɗin fom ɗin takarar a wancan karon naira miliyan 100 ne.

Me ya sa bai kai labari ba?

Dalili na farko shi ne tsarin zaɓen kansa. Dokar zaɓe ta 2022 ta taƙaita jefa ƙuri'a ga wakilan da aka zaɓa domin taron, wato mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774. Tsofaffin gwamnoni da 'yan majalisa, waɗanda a da suke wakilai kai tsaye kuma Yarima ke da abokai a cikinsu, ba su da ƙuri'a. Galibi gwamnoni masu ci ne ke da ta cewa kan waɗanda suka zama wakilai.

Na biyu, gida bai kasance a hannunsa ba. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, wato wakilai 42, kuma jagorancin jam'iyyar a jihar na hannun Gwamna Bello Matawalle, wanda ya sauya sheƙa daga PDP a 2021. Ko da a ce dukkan ƙuri'u huɗun daga Zamfara suka fito, mafi yawan wakilan jiharsa wani suka zaɓa.

Na uku, batun karɓa-karɓa. Kwanaki kaɗan kafin taron, yawancin gwamnonin APC na arewa suka bayyana cewa mulki ya koma kudu bayan shekara takwas na Buhari. Gwamna Badaru Abubakar na Jigawa ya janye wa Tinubu a dandalin taron. Waɗanda suka dage sai ɗan arewa kuwa sun karkata ne ga shugaban majalisar dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, wanda ya zo na huɗu da ƙuri'a 152, bayan Rotimi Amaechi mai 316 da Yemi Osinbajo mai 235.

Bayan zaɓe

Yarima bai fice daga APC ba. Ya mara wa Tinubu baya a zaɓen 2023, inda Tinubu ya lashe Zamfara, ko da yake jam'iyyar ta rasa kujerar gwamna ga Dauda Lawal na PDP. Daga baya ya yi kira ga sabuwar gwamnati ta zauna teburin sulhu da 'yan bindigar da suka addabi jihar, shawarar da ta raba kan jama'a.

Takararsa ta nuna tazarar da ke tsakanin farin jini a wurin talakawa da ƙarfi a cikin jam'iyya. Taron jama'ar da ya cika Gusau a 1999 ba shi da ƙuri'a a Eagle Square. Wakilai ne suka yanke hukunci, kuma a wannan daren gwamnoni ne ke riƙe da akalarsu.