Mabuɗin Hanya a Hannun Wa? Agajin Siriya da Batun Izinin Gwamnati

Wani abokin aiki ya sake jaddada tsohon ra'ayin nan cewa agajin jinƙai ba ya shiga ƙasa sai da yardar gwamnatinta, kuma ta hannunta. Madogararsa sananniya ce (Ƙudiri 46/182 na Majalisar Ɗinkin Duniya, 1991), ba sai mun tsaya kanta ba. A kan Siriya muka rabu.

A ganinsa, Kwamitin Sulhu ya keta hurumin ƙasa a 2014, lokacin da Ƙudiri 2165 ya buɗe mashigai huɗu daga Turkiyya da Jodan da Iraƙi ba tare da jiran izinin Dimashƙa ba. To amma gwamnatin da ake cewa a jira, ita ce ɗaya daga cikin masu yaƙin a lokacin. A dubi Madaya, garin da ke kimanin kilomita 40 daga babban birnin. Dakarun gwamnati da na Hizbullah sun yi masa ƙawanya a 2015. Daga Oktoban shekarar babu motar agajin da ta shiga sai ranar 11 ga Janairun 2016. A tsakani mutane suka koma dafa ganye da ciyawa, wasu yunwa ta kashe su. Abinci na nan a ajiye, motoci na nan, takardar izini kawai aka rasa. Da wuya, a nawa fahimtar, a ce wannan shi ne hurumin da ƙudirin 1991 yake karewa.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi. Yana cewa mashigar Bab al-Hawa, ɗaya daga cikin huɗun, ita ma tana ɓullewa ne yankin da ƙungiyar 'yan tawaye ta Hayat Tahrir al-Sham ke iko da shi a wancan lokacin, don haka an canza mai riƙe da mabuɗi ne kawai. Wannan gaskiya ne, kuma ya tilasta mini rage da'awata. Ba zan ce agajin ƙetaren iyaka tsarkakakke ne ba. Abin da hujjoji suka ba ni damar faɗa shi ne, hanya ɗaya tilo tana da haɗari ko a hannun wa take. Zuwa Yulin 2020 matsin Rasha da Sin ya mai da mashigai huɗun ɗaya, wato Bab al-Hawa. Da girgizar ƙasa ta auku ranar 6 ga Fabrairun 2023, hanyar da ke kaiwa wannan mashiga ta lalace, ayarin farko na Majalisar bai ƙetara ba sai bayan kwana uku, mutane na ƙarƙashin ɓaraguzai.

Mu mutanen Sandamu ba baƙi ba ne ga rufe iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sa aka rufe Kongolam da sauran mashigai na iyakarmu da Nijar har cikin Maris 2024, a daidai lokacin da dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina ke zaune a jihar Maraɗi, a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Lamarin bai kai na Siriya ba, ban kuma daidaita su ba. Sai dai ina so abokina ya faɗa mana ta wace hanya buhun gero zai isa Garin Kaka ranar da gwamnatoci biyu suka daina magana da juna.