Shekarar Toka: Babin da Muke Tsallakewa a Tarihin Umar (RA)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanakin baya na nemi ɗalibaina na ajin manya su ambata mini abin da suka sani game da halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA). Nan take suka kawo yaƙin Yarmuk na shekara ta 15 bayan Hijira (636), inda aka karya rundunar Rumawa, da Ƙadisiyya, inda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rinjayi Farisawa. Da na ce, “To, shekara ta 18 fa?” sai ajin ya yi tsit. Ban ga laifinsu ba, domin mu malamai mun saba karantar da tarihi tamkar babu komai a cikinsa sai takobi.

Ya ɗan uwa mai karatu, a shekara ta 18 (639) fari ya auka wa Hijaz har kimanin wata 9, iska tana ɗauko ƙura mai kama da toka, shi ya sa ake kiranta Amur Ramada, wato Shekarar Toka. Mutanen karkara suka kwararo Madina, dabbobinsu sun mutu. Umar ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, kuma Ɗabari ya ruwaito cewa Abu Ubaida ya zo daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Halifa ya haramta wa kansa man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, bai yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba, sa'annan ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Manzo (SAW) ya yi addu'a.

A daidai wannan zamani annobar ɗa'un ta ɓarke a Sham, aka yi mata laƙabi da Amwas, wani ƙauye a Falasɗinu. Malaman tarihi sun ambaci kimanin mutum 25,000 da suka rasu, cikinsu har da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal da Shurahbilu ɗan Hasana da Yazidu ɗan Abi Sufyan (RA). Jagororin da mayaƙan Rum suka kasa, ciwo ya ɗauke su a kan shimfiɗa. Umar da kansa ya kamo hanyar Sham, da labari ya riske shi a Sarg sai ya yi shawara da sahabbai ya juya, kuma Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarfafa shi da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu. Daga bisani Amru ɗan Asi ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya ɗauke cutar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Da aka buɗe Masar wajen shekara ta 20 zuwa 21 (641–642), Umar ya sa Amru ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa Kogin Nilu da Bahar Maliya, jiragen hatsi suka riƙa tasowa daga Fusɗaɗ har tashar Jar, mashigar Madina ta teku. Wato bai bari yunwa ta wuce a matsayin labari ba, sai da ya tanadar wa Hijaz hanyar abinci.

Mu da muke ganin tsadar hatsi da kwalara suna zagayo mana kusan kowace damina, wannan babi ya fi kusa da rayuwarmu fiye da Yarmuk. Sahabbai sun yi addu'a, sun kuma ɗora buhu a bayan raƙumi. Sun yi imani da ƙaddara, sun kuma kauce wa garin annoba. Duk wanda ya raba waɗannan biyu, walau shugaba ne ko mai gida, bai bi tafarkinsu ba. Na yi niyyar daga bana ɗalibaina za su karanta Shekarar Toka kafin su karanta Ƙadisiyya, ina kuma roƙon 'yan uwana malamai su duba wannan shawara.

Allah Ya tsare mu daga yunwa da annoba, Ya ba mu shugabanni masu tausayi. Wallahu a'alam.