Tarihin Binciken Sinadarai Masu Tashi Daga Ciyawar Teku

1.0 Gabatarwa

Masunta da mazauna gaɓar teku sun daɗe da sanin warin da ciyawar teku kan fitar idan ruwa ya janye ya bar ta a sarari. Wannan wari na wasu sinadarai ne marasa nauyi da ke barin jikin ciyawar su bi iska. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka kai ga tantance su.

2.0 Matakin Farko

A shekarar 1935 ne Paul Haas ya tabbatar a Ingila cewa jar ciyawar nan mai suna Polysiphonia tana fitar da wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda a yau ake kira DMS. A 1948 kuma Challenger da Simpson na Jami'ar Lidis suka gano sinadarin da yake rikiɗa ya haifar da shi. A wancan zamani sai an tara ciyawa mai yawa kafin a sami abin aunawa.

3.0 Zuwan Na'urori

Al'amura sun sauya a 1952, sa'ad da James da Martin suka fito da dabarar kiromatogirafin iska. Akan tura samfur cikin wani siririn bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa gwargwadon yadda bututun ya riƙe shi. Da aka haɗa dabarar da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, sai ya zamana ana iya gane kowanne da sunansa. A 1971 Müller da abokan aikinsa a Jamus suka gano sinadarin da ƙwayar haihuwa ta mace ke jawo ta namiji da shi a ciyawar Ectocarpus. A 1975 Moore da abokan aikinsa a Hawai suka sami sinadarin buromofom a ciyawar Asparagopsis, wadda mutanen tsibirin ke ci. A 1990 Pawliszyn a Kanada ya ƙara sauƙaƙa aikin da wani zare mai tsotse sinadaran daga samfur.

4.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa ilimin ya riƙa faɗaɗa ne gwargwadon ingancin kayan awo. Amfaninsa kuwa ya kai har ga makiyaya, domin gwaje-gwaje a Ostireliya da Amurka sun nuna cewa sanya Asparagopsis kaɗan a abincin shanu na rage iskar mitan da suke fitarwa ƙwarai. Sai dai buromofom na cikin sinadaran da ke cin rufin ozon, saboda haka wajibi ne a ci gaba da auna shi da kyau.