Tarihin da Gara Ta Cinye: Saƙar Kaba a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Mai karatu, duk wanda ya ce zai bi diddigin kwando ya ɗauko wa kansa aiki. Maƙeri ya bar mana ƙarfe, magina sun bar katanga, amma abin da aka saƙa da kaba gara da damina ke rabawa. Shi ya sa duniya ta ɗauka a 2021 da aka tono wani kwando mai murfi a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, wanda masana suka ce ya kai shekara 10,500. Bushewar hamada ce ta tsare shi. A Najeriya kuwa shaidar ta zo ta bayan gida: tsofaffin tukwanen Gajiganna a Borno, masu fiye da shekara 3,000, suna ɗauke da zanen tabarmar da aka danna a jikinsu tun yumɓu na ɗanye. Tabarmar ta ruɓe, sawunta ya rage.

Ni a ganina, a Tambuwal da Kebbe harshe ne babban ma'ajin wannan tarihi. Ɗauki kalmar lefe. Asalinta ɗan kwandon kaba ne da mace ke zuba auduga da mazari in za ta yi kaɗi. Yau akwatuna ake jerawa, amma sunan ya ƙi mutuwa. Haka adudu, wanda kakanninmu ke adana tufafi ciki kafin zuwan akwatin ƙarfe.

Bayan jihadin 1804, lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, ƙasar tana kan hanyar fatake masu zuwa Jega, har su dangana da Gwanja neman goro. To da me suke ɗaukar kaya? Mangala a bayan jaki, sanho a hannu, malfa a ka, duk daga ganyen goriba. Ba a rubuta sunan masaƙi ko ɗaya ba, alhali in babu su ayari ba ya tashi.

Aikin ma a rabe yake. Maza sun fi riƙe igiya, mangala da zana, mata kuma faifai, su rina kabar ja da baƙi, su yi ta ɗinki bayan an ɗauke amfanin gona. Roba ta kori adudu da lefe, amma faifai ya tsira, don har yau matan da ke bakace gero ba su sami abin da ya kama hannu kamarsa ba.